Ƙwallayen Ikrima da Tambayar Mahaifinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma uban ƙungiyarmu, Alhaji Kashim. Mai girma Dagacin Ɗinyar Gabas, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Masu unguwanni da dattawan gari. Baƙinmu da suka taso daga Minjibir. 'Yan'uwanmu na garuruwa bakwai da muka kara da su a gasar bana, musamman mutanen Garin Marke, waɗanda muka doke a wasan ƙarshe amma suka daure suka zo cin shinkafarmu. Iyayenmu mata da ke can inuwar darbejiya. 'Yan wasa da magoya baya. Jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan kofi a kan wannan tebur. Bayan haka, ina godiya ga Baba Mati, wanda gonarsa ce filinmu. Duk shekara idan ya kwashe geronsa sai ya ce mu tumɓuke tushiya mu baje kunya mu kafa raga, idan hadari ya fara haɗuwa kuma mu tattara mu ba shi wurinsa. Ina godiya ga matan da tun asuba suke bakin murhu. Ina godiya ga masu babura da suka yi ta jigilar 'yan wasa uku-uku a kan babur ɗaya, Allah kuma ya rufa asiri ba mu taɓa zubar da kowa ba.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Iliyasu. Malamin aji huɗu ne ni a firamaren garin nan, tsohon mai tsaron gida, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina horar da Matasan Ɗinya. A cikin shekarun nan babu abin da na taɓa kawowa gida sai uzuri da dushewar murya. Bana ne kaɗai na dawo da abin da ake ɗorawa a kan tebur.

An ce in yi jawabin murna, kuma zan yi. Amma akwai wani nauyi da aka ɗora mini, wanda ba zan iya cin shinkafar nan ba sai na sauke shi.

Kowa ya san Ikrima, ɗan wasanmu na gaba, ga shi can yana sunkuyar da kai kamar ba shi ne ke tayar mana da gari ba. Makon jiya takarda ta zo daga wata makarantar horar da 'yan ƙwallo a birni, suna neman ya je ranar Litinin mai zuwa ya zauna a wurinsu. Mahaifinsa, Malam Sha'aban, wanda rabin mutanen da ke nan a gabansa suka koyi Fatiha, ya same ni da hantsi a ƙofar makaranta da takardar a hannu. Ya ce shi bai san ƙwallo ba, bai taɓa tsayawa a bakin fili ba, kuma lissafin abin da yaron ya zura a raga bai dame shi ba. Sannan ya ce mini:

"Malam Iliyasu, tambayata ɗaya ce. Yaron nan, 'yan'uwansa suna ƙaruwa da shi, ko shi kaɗai yake ƙaruwa? Idan suna ƙaruwa da shi, na bar shi ya tafi. Idan kansa kawai yake yi wa aiki, to bai gama tarbiyya ba, ya zauna a gabana. Kuma tunda a gaban jama'a yake wasansa, a gaban jama'a nake son amsar."

Ga Malam can a zaune kusa da Liman, yau ne karonsa na farko a filin nan. Don haka ku yi haƙuri da ni, zan bi maganar daki-daki, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko shi ne abin da masoyan Ikrima suke faɗa, kuma gaskiya suke faɗa. Bara, shekararsa ta farko a ƙungiya, yana da shekara goma sha bakwai, mun buga wasa goma sha huɗu, ya zura ƙwallo ashirin da ɗaya. Tunda aka fara gasar garuruwa takwas ba a taɓa ganin haka ba. Ya ci da ƙafa, ya ci da ka, ya ci da gwiwa, akwai wadda ya ci da ƙeya bai ma san ya ci ba sai da ya ji ihu. Ni da na yi shekaru a tsakanin sanduna biyu, na san irin ɗan gaban da mai tsaron gida yake ganinsa hankalinsa ya tashi, kuma Ikrima irinsu ne. Yabon gwani ya zama dole. A teburin mai shayi an yi ta cewa ba don shi ba da ba a san da mu ba, kuma ban taɓa musa musu ba.

Abu na biyu shi ne abin da masu suka suke faɗa, su ma kuma gaskiya suke faɗa. A wannan shekarar da ya zura ashirin da ɗaya, ƙungiya gaba ɗaya ashirin da biyar ta zura. Wato sauran mutum goma, da ƙafafunsu ashirin, huɗu suka samu a rani guda. An zura mana talatin. Muka ƙare a na shida cikin takwas. Mu ne masu gwanin gasa, mu ne kuma ake yi wa dariya a kasuwar Minjibir. Abin da ya fi ba ni haushi, akwai wasa uku da tushiyar gero ta soke shi a ƙafa ya zauna a gida. A wasa ukun nan mun ci biyu, mun yi kunnen doki a ɗaya. Su tela da ke zama a inuwar shago suka samu abin faɗa, suka ce to ga shi nan, yaron nan kaya ne a kan ƙungiya.

Na kuma ga abin da idona. Idan ƙwallo tana ƙafarsa, ba ya ganin kowa, ko da ɗan'uwansa yana tsaye shi kaɗai a bakin raga yana ɗaga hannu. Idan ƙwallo ta kuɓuce ta koma gidanmu, sai ya riƙe ƙugu a tsakiyar fili yana kallo, kamar mai jiran motar Kano. Wata rana an doke mu huɗu da uku, shi ya ci ukun, na gan shi yana tafiya gida yana fito. Ranar na yi fushin da ban iya cin tuwo ba.

Abu na uku, jama'a, shi ne wanda ba a faɗa a teburin mai shayi, ba a kuma faɗa a inuwar shago, domin ya shafe mu duka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugaban taro, ka yafe mini, zan taɓa ka kaɗan. A farkon gasar bara, saboda ƙaunar da Alhaji Kashim yake yi wa ƙungiyar nan, ya miƙe a wannan wuri ya yi alkawarin damin gero ɗaya ga duk wanda ya zura ƙwallo. Muka yi ta tafi, ni ne ma na fi kowa tafi. Babu wanda ya tashi ya ce, to wanda ya hana a zura mana fa? Wanda ya ba da fasin fa? Mai tsaron gidan da ya faɗi a kan busasshiyar ƙasa ya goge gwiwa fa? Mun ɗauki yaro ɗan shekara sha bakwai mun nuna masa cewa ƙwallo ɗaya dami ɗaya ce, fasin kuma ko zangarniya ba ya kawowa, sannan muka koma muna mamakin yadda ba ya ba da fasin. Dami ashirin da ɗaya aka kai gidan Malam Sha'aban a amalanke, da rakiyar yara da kiɗa. Na ji labarin Malam ya fito ya tambaya ko ɗan nasa ya sayi gona ne bai sani ba.

Ba shi kaɗai muka ɓata ba. Sauran ma kowa ya ɗaga kai sai raga yake hange. 'Yan bayanmu suka riƙa barin gida a buɗe suna tafiya neman nasu damin. Abin da muka shuka shi muka girba, kuma ni da ake kira koci ban gane ba sai da rani ya ƙare.

Abu na huɗu shi ne abin da ya faru da damina, a nan inda kuke zaune. Mutanen gari sun sani, amma saboda baƙi zan bayyana. Ba ma biyan Baba Mati komai a kan filin nan sai gayya guda ɗaya. Idan gero ya kai noman farko, duk 'yan ƙungiya sai mu zo da fartanyoyinmu mu nome masa gonar a wuni ɗaya. Gayya kuwa tana da ƙa'idarta tun kaka da kakanni. Kowa zai kama kunya ɗaya daga wannan bakin gona. Wanda ya riga kaiwa wancan bakin ba ya zama. Sai ya duba wanda ya fi kowa zama a baya, ya shiga kunyarsa ta can ƙarshe, ya nomo yana tahowa har su haɗu a tsakiya. Shi ne muke cewa ya tarbe shi. Kuma ba a buɗe ƙwaryar fura sai an gama kunyar ƙarshe.

Ikrima a gaban allo ya tashi, bai saba zuwa gayya ba, amma ƙarfi da sauri Allah ya ba shi. Aka kama aiki, kafin wasu su kai rabi ya fita. Ya ɗaga fartanya sama kamar yadda yake ɗaga hannu idan ya ci ƙwallo, ya tafi gindin ɗinyar can ya zauna kusa da fura ya miƙe ƙafa. A can baya kuwa an bar Muntaka, ɗan bayanmu na hagu. Kun san Muntaka, Allah ya ba shi jiki da haƙuri, amma bai ba shi gaggawa ba.

 Baba Mati, dattijon da ya haura saba'in, ya miƙe daga kan buzunsa, ya ɗauki tsohuwar fartanyarsa, ya taka har ƙarshen kunyar Muntaka, ya duƙa ya fara nomowa. Masu kiɗan gayya suka ajiye ganga. Kowa ya ɗago yana kallon tsoho a duƙe cikin rana, ga saurayi a inuwa. Sai da Ikrima ya ga idanu sun yi masa yawa sannan ya gane, ya taso da gudu zai karɓi fartanyar. Baba Mati ya hana shi, ya ce:

"Koma ka zauna, gwani, ai ka gama taka. Ni dai gonar ce tawa gaba ɗaya. Idan kunya ɗaya ta kwana da ciyawa, ba a yi mini noma ba."

Haka ya nome ta har suka haɗu da Muntaka, Ikrima yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa kansa. Ranar ko furar bai sha ba. Ni ma da na koma gida na zauna na yi wa kaina faɗa, domin abin da na kasa koya wa yaro a rani guda da usur a bakina, tsoho ya koya masa kafin azahar. Washegari na je wurin Alhaji Kashim na roƙe shi a sauya tsarin dami, ya zama sai ƙungiya ta ci wasa, a kuma raba wa kowa har da 'yan benci. Allah ya saka masa da alheri, dariya kawai ya yi ya ce da ma shi ya fara gajiya da amalanke.

Ban sani ba ko maganar Baba Mati ce ta yi aiki, ko ɗauke damin ne, ko kuwa shekara ɗaya da ta ƙaru a kan yaron. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne abin da na gani bana, kuma shi ne abu na biyar.

Bana Ikrima ƙwallo goma sha biyu ya zura, ya ragu da tara. A teburin mai shayi har an fara cewa an yi masa baki. Amma sauran 'yan wasa da suka ci huɗu bara, bana sun ci goma sha tara, kuma fiye da rabinsu daga ƙafarsa suka fito. Talatin ɗin da aka zura mana bara ta koma goma sha ɗaya. Ya koyi jan 'yan baya biyu su bi shi gefe, ya bar wa ɗan'uwansa hanya. Ya koyi cewa idan ƙwallo ta kuɓuce masa, shi ne farkon wanda zai bi ta.

Kada Malam ya ɗauka waliyyi nake kwatanta masa. Har gobe idan aka cire shi daga wasa yana kumbura baki. Har gobe yana gardama da alƙalin wasa a kan satar gidan da kowa ya gani. Ƙafarsa ta hagu kuwa, in ban da hawa babur ban san amfaninta ba. Waɗannan na birni su ji da su.

Sai ranar wasan ƙarshe. 'Yan Garin Marke, ku toshe kunnuwanku na minti biyu. Mun ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci, Ikrima ne ya ci, ta sha biyunsa ke nan. Saura ƙwallo ɗaya ya kamo ɗan wasansu mai sha uku, kuma dokar gasa ta ce idan aka yi daidai, sabon keken da aka sa wa gwanin zura ƙwallo na wanda garinsu ya ɗauki kofi ne. Duk garin nan ya san Ikrima yana son keken nan, har wurin da zai riƙa jingine shi ya share.

Da aka dawo, Garin Marke suka sako wani yaro siriri a gefen dama, suka ce ya bi ta kan Muntaka. Sau uku yana yanke shi yana wucewa. Muntaka yana haki, harshe a waje, ni kuma na duba benci babu wanda zan sa. Su kuma duk sun taso gidanmu, sun bar mutum ɗaya tak a baya. Ina ganin haka na riƙa yi wa Ikrima ihu ya tsaya a gaba, domin ƙwallo ɗaya doguwa ta ishe shi ya ci ta biyu, ya ɗauki kekensa, mu kuma mu huta. Saura minti ashirin aka tsaya jinyar wani, ya zo bakin layi shan ruwa, ya dube ni ya ce:

"Koci, zan tarbi Muntaka."

Na ce masa ya koma inda na ajiye shi. Ya ajiye gorar ruwa ya nufi baya abinsa. A shekara goma sha biyu, wannan ne karo na farko da ɗan wasa ya ƙi bin umarnina na ji sanyi a raina. Minti ashirin ɗin nan yana kafaɗa da kafaɗa da Muntaka. Idan siririn yaron ya wuce ɗaya sai ya tarar da ɗaya. Ana saura kaɗan a tashi suka bugo kwana, mai tsaron gidanmu ya fita ya kama iska, ƙwallo ta nufi raga, Ikrima ne a kan layi ya sa kai ya fitar da ita. Aka tashi ɗaya da nema. Keke ya tafi Garin Marke, Allah ya sa ɗansu ya more shi lafiya. Kofi kuma ga shi nan.

To jama'a, yanzu na zo inda maganar take da wuya. Tunda labarin tambayar Malam Sha'aban ya bazu, ƙofar gidana ba ta huta ba. 'Yan teburin mai shayi, waɗanda bara suke cewa babu kamarsa, sun zo sun ce in ce bai gama nuna ba. 'Yan inuwar shago, waɗanda bara suke cewa kaya ne, su ma sun zo sun ce kayan nan dai a bar mana abinmu. Shekara biyu ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai a kan in yi ƙarya. Kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ba su goyon baya. Idan na ce a'a, Ikrima namu ne baɗi, wataƙila kofin nan ya sake kwana a garinmu. Idan na ce e, ranar Litinin ya hau mota. Na yi shekara goma sha biyu ina jiran yaro irin wannan, kuma sai da ya zama abin da nake so sannan aka ce in buɗe baki in sallame shi da kaina. Wannan abu ya yi mini ciwo, kuma har yanzu da nake tsaye yana yi mini.

Amma mutumin da ya koya mana karatu ne ya yi tambaya, kuma ya yarda da ni ne ya sa ya tambaye ni.

Allah ya gafarta Malam, ga amsarka a gaban Dagaci, a gaban Liman, a gaban jama'ar garuruwa takwas. Da bara ka tambaye ni, da na ce maka kansa yake yi wa aiki, ka riƙe ɗanka. Bana kuwa na shaida, kuma zan maimaita wannan shaida a duk inda aka tsayar da ni: 'yan'uwansa suna ƙaruwa da shi. Ya rage nasa don nasu ya yawaita, ya bar abin da yake so don kada a kunyata na bayansa. Ka yi tarbiyya, Malam, kuma ta kama. Ka sa masa albarka ya tafi.

Ikrima, ɗago kanka ka dube ni. A can za ka tarar da waɗanda suka fi ka gudu, za ka tarar da masu ƙirga maka ƙwallaye suna zuga ka kamar yadda muka yi. Ka riƙe sallarka, ka riƙe karatunka, ka riƙa waiwayawa ka ga wa aka bari a baya. Mu kuma kada ka damu da mu. Baɗi za mu sha kashi, na sani, Garin Marke ma sun sani, ga su can suna murmushi. Za mu sha shi da kanmu a sama.

Allah ya tsare mana wannan yaro a inda za shi, ya haɗa shi da mutanen kirki, ya kare shi daga rauni da girman kai. Allah ya ƙara wa Malam Sha'aban da iyalinsa haƙurin rabuwa. Allah ya ƙara wa Baba Mati lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa Alhaji Kashim buɗi. Allah ya ja zamanin Dagaci, ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Baƙinmu, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku taya ni da addu'a, daga ranar Talata zan koma bakin fili in fara neman mai saka riga lamba tara.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.